Akwatin Karatun Malam Yana Nan Ƙanƙara

Ƙanƙara, Jihar Katsina
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayana Abdulgafar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nana Aisha da yara. Allah Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Damina ta zauna, an gama noman fari a gonar Ketare, dawa da masara sun yi kyau. Ciwon gwiwar Hajiya ya yi sauƙi, har tana iya zuwa gidana da ƙafarta. Goggo Hussaina ta zo daga Daudawa ta yi mana kwana uku, ta ce a faɗa maka ta daina lissafa ka cikin masu zumunci. Da hannuna na rubuta wannan takarda na ɗauki hotonta na turo maka, don na san halinka a waya, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba. Saƙon muryar da ka saka a zauren dangi na waya, mutum arba'in da uku ne suka saurare shi, har da maigidana. Ka ce tunda aka bar na'urar nan, akwatin ajiyar karatun Malam, a hannuna bai taɓa yin mako guda yana aiki lafiya ba, ka ce ban san darajar abin da ke cikinsa ba, sannan ka umarci Yaya Abdulƙarim ya taso daga Kaduna ranar Asabar ya ɗauke shi ya kai gidansa, inda a cewarka ake da masu hankali. Ni da na yi jinyar mahaifinmu Malam wata bakwai, ni ce yau ban san darajar muryarsa ba? Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni me na yi a kan matsalar ba, don haka zan faɗa maka ko ba ka so.

Ka tuna shekara biyu da suka wuce ka zo da akwatin nan, ka juye kaset-kaset ɗin tafsirin da Malam ya yi shekara goma sha tara a masallacin Ketare, da saukar Alƙur'aninsa, da hotunan gida. Kai da kanka ka ajiye shi a ƙasan teburin talabijin na falon Hajiya, tsakaninsa da ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba, ka jona shi da rautar intanet da wani gajeren kebul shuɗi, ka koya wa Hajiya inda za ta danna a wayarta, ka hau jirgi ka koma Doha. Tun daga lokacin ba ta karya kumallo sai ta ji karatunsa. Kai kuma can idan ka taso aiki ka buɗe, wata rana ka samu, wata rana ka tarar akwatin ya ɓace kamar ba a taɓa jona shi ba, sai ka kira ni kana faɗa.

Da farko na zargi wuta. Na sa aka duba batirin sola da inbata, mai gyara ya ce lafiyarsu ƙalau, kuma na lura ko a lokacin da kake ƙorafi fitilar gaban akwatin a kunne take. Sai na koma kan sabis, tunda ka san yadda yake yi mana a nan. Na cire layin da ke cikin rauta na saka wani, abin bai canja ba. Wata ranar da ka kira ina gidana, na yafa mayafi na taho, tun daga zaure na jona wayata da rautar, saƙonni suka shigo, har bidiyo na buɗe, amma akwatin babu shi. A nan na gane sabis ba shi da laifi, matsalar tana tsakanin rauta da akwatin. Na shiga ciki na gaisa da baƙin Hajiya a ƙofa suna fita, na taya ta raka su, kafin in dawo in duba, akwatin ya dawo da kansa. Na ɗauko Malam Bilya mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwa har sau biyu. Duk zuwan, mutumin nan ya zauna dirshan a kan tabarma gaban teburin fiye da awa guda, abin bai ko ƙifta ba. Ya dube ni kamar mai ƙirƙirar zance, ya ce shi bai ga cuta ba balle ya ba da magani.

Daga nan na samu littafi irin na yaran da nake koyarwa, na riƙa rubuta rana da lokacin duk da ka ce ya yanke. Mako uku ina yi. Da na zauna na duba, sai na ga bai taɓa yankewa da safe ba. Kullum tsakanin la'asar da magariba ne, ya fi yawa ranar Juma'a, sannan kwana ukun da Goggo ta yi ya fi kowane lokaci lalacewa. Na ce to wannan ba aikin na'ura ba ne, na'ura ba ta san Juma'a ba. Juma'ar da ta wuce na tare a falon tun azahar na ƙi motsawa.

Ana yin sallama a zaure, matan unguwa sun zo gaisuwa, sai na ga Hajiya ta miƙe da gwiwar nan tata, ta yi bismilla, ta sunkuya ta ɗauki akwatin da hannu biyu, ta ɗora shi can saman kabad, sannan ta ce su shigo. Kebul ɗin ya miƙe tsam, ɗan maƙallin bakinsa ashe ya daɗe da karyewa, kan ya zamo kaɗan daga raminsa, 'yar koriyar fitilar da ke baya ta mutu. Da baƙin suka tafi ta sauko da shi, ta tura shi mazauninsa har ya jingina da bango, kan kebul ɗin ya koma, fitila ta kama. Na tambaye ta dalili, ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "Ke Hafiza, Alƙur'ani na ciki, sauka guda da bakin Malam. Mi za ya sa mutane su hau kujera su zauna bisa, shi yana ƙasa wajen ƙafafunsu?" Ita ba ta hawa kujera, a kan darduma take zama, shi ya sa da safe ba ta taɓa shi. Malam Bilya kuwa a tabarma ya zauna, shi ya sa bai ga komai ba.

To Yaya, faɗa mini wanda bai san daraja ba. Kai da ka tashi a gidan da ko allo ba a jingina shi inda ƙafa ke bi, ka ɗauki karatun mahaifinka ka ajiye a ƙasan talabijin, ka bar tsohuwa tana ɗaga abu mai nauyi shekara biyu, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba don kada ta kunyata ɗanta mai ilimin zamani. Washegari na kira kafinta ya kafa katako a bango, sama da kan duk wanda zai tsaya a falon. Malam Bilya ya kawo sabon kebul mai tsawo ya bi da shi jikin bango ya ɗaure. Yau kwana shida ke nan bai yanke maka ba, kuma na san ka lura, don ba ka kira ka yi faɗa ba. Amma ba ka koma zauren ka janye maganarka ba, ba ka kuma ce wa Yaya Abdulƙarim ya fasa ba.

Na yi ta ɓoye wa Hajiya zancen ɗauke akwatin, amma jiya matar Yaya Abdulƙarim ta kira ta, ta ce a shirya musu shi kafin Asabar. Da na shigo da hantsi na tarar ta sa an sauko da shi, ta yi alwala, ta naɗe shi a cikin farin rawanin Malam, ta ɗora a kan filo. Kokonta yana gefe ya huce ba ta taɓa ba. Na fara masifa, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bari, a kai mashi inda zai riƙa samu. Ni shekara arba'in da ɗaya ina jin muryar nan a ɗakina. Shi ne ke can shi kaɗai." Ita a zatonta Doha za a kawo maka. Ban iya faɗa mata cewa Kaduna za a kai shi a ajiye a bayan kujerar wani ba.

Na kwance rawanin na mayar da akwatin kan katakonsa na jona, kuma ina gaya maka, ko Yaya Abdulƙarim ya zo ba zan ba shi ba. In kana son kwafi, aiko da abin juyawa a juye maka, dama bai kamata a ce guda ɗaya tak muke da shi ba. Haƙurin da za ka ba ni a gaban dangi, in ka ga dama ka bayar, in ba ka ga dama ba na bar ka da Allah.

Ka gaishe mini da Nana Aisha da kyau, da Salahuddeen da takwarar Hajiya. Maigidana yana gaishe ka duk da abin da ya ji, haka mutanen Faskari da na Sabuwa. Abu ɗaya nake nema a wurinka kafin Asabar: ka kira Hajiya da kanka ka ce mata akwatin nata ne, babu mai taɓa shi. Ni na faɗa mata ba ta yarda ba. Yau da safe na miƙa mata wayar don ta ji karatun ta ƙi karɓa, ta ce gara ta fara sabawa da rashinsa tun yanzu.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Hafiza