Maiƙo a Jirgin Bapak

Surabaya

Dik Wuryani, ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Bapak, mahaifinmu. Maganinsa na cikin kwalin nan, ƙarƙashin busasshen kifin.

Albishirinki, na gano jirgin saman nan. Ba irinsa ba, shi kansa, mai farfela biyu da mahaifinmu ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙawa tsakanin tsibirai. Kin san ni da Koh Handoyo, maƙwabcin shagona a kasuwar kayan kwamfuta, mun daɗe muna ƙera shi don wasan tuƙin jirgi na kwamfuta. Koh ya gama da injin da yadda jirgin ke karkata. Ni nawa fenti ne da ɗakin matuƙi, kuma ba ni da hoton cikinsa ko ɗaya.

Yanzu na samu, amma da na sani ban karya kumallo ba. Jirgin na bakin hanyar Mojokerto, wani Pak Sukoco ya mai da shi gidan abinci. A mazaunin mataimakin matuƙi ya girka kaskon suyar tarwaɗa. Agogunan gaba sun sha maiƙo, na taɓa ɗaya sai da na yi kokawa kafin in karɓo yatsana. Kyankyasai na shiga ta ma'aunin mai suna ɓullowa ta ma'aunin gudu kamar sun yanki tikiti. Kaji ke kwana a wutsiya. Na ce, "Pak, ka san wannan kujerar kyaftin ce?" Ya ce, "Shi ya sa ake layi a kanta, Mas. Da yaji ko babu?" Na ci, don ya bar ni in ɗauki hoto. Har yanzu ƙarnin na maƙogwarona.

Ki gaya wa Bapak zai sake tashi sama.

Yayanki,
Darmaji

*

Madiun

Mas Darmaji,

Yayana, bayan gaisuwa da girmamawa, saƙo ya iso, mun gode.

Na gaya wa Bapak, ban da zancen tarwaɗa. Jiya da sunan marigayiya Ibu, mahaifiyarmu, ya kira ni, amma ina ambaton jirgin ya gyara zama, ya jero yadda ake tada injin daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Likita ya ce irin waɗannan ranakun za su riƙa raguwa. Don Allah ka hanzarta.

Ya kuma sa na wanke masa farin hankicinsa na goge. Ka tuna ba ya taɓa maɓallin komai sai ya bi agogunan ɗaya bayan ɗaya ya share, ya duba hankicin. Saboda haka ka kankare ƙazantar nan daga hotunan kafin ka liƙa su.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Wuryani

*

Surabaya

Dik, malama sarkin tsafta,

Ina gaishe ki, ki miƙa gaisuwata ga Bapak.

Na kai wa Koh zancenki, ya dafe ƙirji kamar na zagi kakansa. Ya ce, "Ka kankare? Mas, mutane na ɓata wata guda suna zana dauɗar ƙarya, kai Allah ya ba ka ta gaske kyauta!" Muka saki jirgin a intanet yadda yake. Dik, ki zo ki ga rububi. Wani Bature ya rubuta cewa rawayan da ke kan agogunan hayaƙin tabar matuƙan da ne, har ya yi ƙwalla. Man Pak Sukoco ne, wanda ba a canza ba tun ina saurayi. Wani ya yaba ɗigo-ɗigon baƙi, wai tsufa na gaskiya. Kashin kyankyaso ne. Ƙarar da na naɗo ta jikin jirgi suka ce ƙarfe ne ke numfashi, alhali ɓera ne a cikin rufi. Ina karantawa, ina amsa musu da godiya.

Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ido ke so, kuma ba na gardama da shi. Yin wani mai tsafta daban aikin makonni ne, ke kuma kin ce a hanzarta. Bapak da ko rubutun jarida ba ya gani sosai, ina zai ga maiƙo? Na ba direban bas kwamfutar da sandar tuƙi, ki jona kawai ki danna koren hoton.

Naki,
Darmaji

*

Madiun

Mas,

Ina gaisuwa. Zan faɗa maka yadda aka yi, ba ƙari.

Bapak ya tashi ranar garau, ya san ni, ya san kansa. Ya sa farar riga, ya zauna gaban kwamfutar. Da ɗakin matuƙin ya bayyana, sai da ya kira lambar jirgin da ƙarfi. Ya miƙa hannu zai kama sandar, sai ya tsaya, ya matso da fuska. Ya ciro hankici ya fara goge gilashin kwamfutar. Ya goge, ya duba, ya tofa ɗan yawu ya sake gogewa.

Na ce, "Bapak, hoto ne, ba ya fita." Ya ce, "Wane ƙazami ne ya kwana a jirgina?" Na ce ya daure ya tada injin hakanan. Ya dube ni yadda yake dubanmu in mun zo cin abinci ba mu wanke hannu ba, ya ce ba ya ɗaukar 'ya'yan mutane a cikin juji. Har shayinsa ya huce yana gogewa. Daga baya na kashe na'urar.

Kowace safiya yanzu sai ya tambaya ko an wanke jirgin. Ka gaishe da Baturenka mai ƙwalla.

Wuryani

*

Surabaya

Dik,

Gaisuwa. Na karanta.

Na rufe shago da wuri kwanakin nan, ina kankara. In ka faɗaɗa hoton ne kake sanin abin da ka aika wa ubanka. A kan ma'aunin tsawo na tarar da ƙafar kyankyaso cikakkiya, har da gashinta. A gefen maƙurar injin akwai ƙayar kifi. Na tashi na wanke hannu sau ba adadi, alhali linzamin kwamfuta kawai na riƙe. Koh ya leƙo ya ce ina kashe tarihi, na ce ya je ya lashi tarihin, yana hanyar Mojokerto.

Aikin ya ja fiye da yadda na so, agogunan da yawa. Ga shi nan a kan filashi cikin ambulan, fes kamar ranar da aka ƙera shi. Na cire ɓeran ma. Ki ce wa Bapak an wanke.

Yayanki,
Darmaji

*

Madiun

Mas Darmaji,

Bayan gaisuwa, ya iso, ya yi kyau ƙwarai.

Na zaunar da Bapak. Ya bi agogunan da hankici ɗaya bayan ɗaya, ya duba shi fari tas, ya ce, "Yauwa." Ya ninke ya sa a aljihu. Sai ya ɗora hannuwansa a cinya, ya tambaye ni cikin ladabi ko matuƙin ya kusa zuwa.

Muna nan zaune muna jiransa.

Ka huta lafiya,
Wuryani