Ni Kaɗai Na Rage Cikin Orkes

Zuwa ga yayana Halidu, Deule.

Assalamu alaikum. Ina Inna, da ƙarfin jikinta? Ina Biba da yara? Hatsi ya hidda kai? Ni lahiya lau nike nan Marsai ta ƙasar Faransa, sai dai rashin zama wuri guda, yau wanga gari gobe wancan.

Orkes ɗinmu na kiɗan rok ya sake canzawa. Mu biyar munka taso daga Yamai, yanzu ni kaɗai na rage. Mustafa mai ganga ya koma gida, Toma ya shiga aikin gini, sauran biyun ma kowa ya kama gabansa. An kawo wata Baturiya da ke goga ma gitarta ƙarfe har ta yi kuka kamar injin niƙa, mutane na ihu, suna so. Jiya shugabanmu ya ce mani: "Mahfuzu, gurminka ya cika daɗi, ɓata shi kaɗan." Na ɓata, Yaya. Abin da ya dame ni, kunnena ya so shi.

Don Allah in Kawu ya ɗauki gurmi, ka ɗauko mani sautin a waya. Na nemi kiɗan noman da ya koya mani, yatsuna sunka kai rabi, sunka tsaya.

Allah shi bar mu tare.

Ƙanenka, Mahfuzu.