Tafiyar Laminu Maroko

Tasawa, 9 ga Afrilu

Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya jikin Hajiya, ya zaman Kwatano? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Tun ranar da ka ce in bar zancen karatu a Dakar in riƙe gonar Korgom, ga bak ɗina, takardar gama sakandare, a hannu, ban ƙara neman izininka kan komai ba. Bana Inna ta sa na nema.

Lise, makarantar sakandarensu, ta zaɓi ɗana Laminu cikin 'yan ajin da za a kai ziyara Maroko. Ka san Inna: ta ce jikanta ba zai ƙetare ƙasa ba sai babban gida, wato kai, ya ce to. Na kira ka, na bar saƙo, na aika ta bakin direba. Shiru.

Ƙanwarsa Rabi har ta wanke mishi jaka, ta soya ƙuli-ƙuli, kullum tana tsokanarsa: "Bature, in ka dawo za ka gane mu?" Shi kuma ya ce, "Kowa, ban da ke." Yanzu ta daina. Shi ma daga lise sai ɗaki.

Direkta ya yi jira iya jira, sannan ya sa wani yaro a madadinsa.

Ba faɗa nake ba, Yaya, na gaji da faɗa. Ka sa Laminu a addu'a, jarrabawa na tafe. A gaida Hajiya da yara. Inna na gaishe ka, har yau cewa take saƙon ne bai iske ka ba.

Motar masu tafiyar ta tashi zuwa Yamai ranar Asabar, Laminu yana gida.

Ƙanenka,
Mamman