Maɗaurin Kwale-kwale

Zuwa ga jikata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ni da sauƙi, sai gwiwa. Na rubuto ne domin waya ta daina yi mini amfani. Kina magana ina jin kamar ana zuba ruwa a bokiti.

Direban da ya kawo saƙonki ya ce ranar Asabar ta sama za ku yi tseren kwale-kwale na masu naƙasa, a zaɓi waɗanda za su tafi babbar gasa. Ba zan ɓoye miki ba, tun da haɗarin mota ya taɓa miki baya ba na son ki kusanci ruwa. Amma kin ce maɗaurin da ke riƙe ƙugunki a kujerar jirgi ya mutu, kina zamewa duk sanda kika ja filafili. Saboda haka na buɗe keken ɗinkina da ya daɗe a rufe. Ga sabo nan, fata ninki biyu, da kan bel na ƙarfe. Ko sa ba zai tsinka shi ba.

Ki huta lafiya.
Kakanki.

Angona tsoho,

Gaisuwa da ban girma. Saƙo ya iso. Mai horar da mu ta juya shi gaba da baya, ta ce, “Wanda ya ɗinka wannan gwani ne, amma me kika yi masa yake son kashe ki?”

Kaka, jirgin nan siriri ne, kifewa yake yi. In ya kife kaina na ƙasa, ƙafafuna ba sa motsi, dole in fizge maɗaurin da hannu ɗaya cikin ruwa. Da ƙarfen nan naka sai dai a ciro gawa. Masu duba kaya ba za su bar ni in shiga tsere da shi ba. Na kanti kuma yana goge mini fata, ka san ba na ji sai na ga jini, kuma mai ciwo ba ta tsere.

Ka sake mini wani mai laushi, da irin mannen takalman yara da ake ɓarewa a sake liƙawa. Ya iso kafin Alhamis, in ba haka ba sai baɗi.

Amaryarka mai keke.

Zuwa ga jikata,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta ɓata mini rai, na yini ban taɓa keken ɗinkin ba. Duk rayuwata abin da ba ya ɓallewa nake ɗinkawa, yau an ce in ɗinka abin da zai sake ki a tsakiyar ruwa.

Washegari na dogara sanda zuwa wurin mai gyaran takalmi na bakin titi, na sayo mannen. Na yi shafi da tsohon bargon kakarki. Don gwaji na ɗaure kaina a kujerar falo. Na farko ya ƙi buɗuwa, domin na cika masa manne. A haka maƙwabciya ta same ni da ta kawo mini abinci. Ta ce, “Baba, ɓarayi ne?” Na ce a'a, tsere nake yi. Ita ta kwance ni.

Na rage mannen, na sa madauki ja wanda yatsa zai samu ko ido a rufe. Yanzu hannuna mai rawa ma yana buɗe shi. Ki gwada shi a ruwa mara zurfi tukuna, mutane na tsaye.

Kakanki.

Angona,

Gaisuwa. Masu duba kaya sun amince. Ban zame ba ko sau ɗaya, na zo ta biyu, an ɗauke ni! Sai dai da na ƙetare layin ƙarshe na ɗaga filafili sama don murna, jirgi ya juye. Fizga ɗaya na fito. Na sha ruwa kaɗan, ba komai.

Za a riƙe mu a sansani har gasar, ba zan samu zuwa hutun da na yi maka alkawari ba. Kada ka yi fushi.

Amaryarka.

Jikata,

Alhamdu lillahi. Daga yau in kin ci, ki bari ki hau tudu kafin ki yi murna.

Ban yi fushi ba. Manne yana gajiya in ya daɗe a ruwa, don haka na ɗinka miki wani. Wannan ba zan ba direba ba. Yana nan a kan gadonki.

Kakanki.