Kwalba Mai Shaidar Lalle

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Na tsinci wasu kwalabe biyu da aka shanye a bayan injin wanki, an naɗe su da tsohuwar singileti. Abban Hidaya dai, mutum da digiri biyu, amma wurin ɓoye abu ɗaya ya sani tun muna Kaduna. Shi yana yi kamar ba ya sha, ni ina yi kamar ban sani ba, a haka muke zaune lafiya.

Ba na zuba su a shara, don bawwab ɗin gidanmu, mai tsaron ƙofa, sai ya leƙa ledar kowa, kuma bakinsa ba ya rufuwa. Mai bikya nake ba, dattijon nan mai keken jaki da ke sayen tarkace. Kyauta nake ba shi, ya tafi da su nesa da unguwarmu ta Ma'adi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Dalia maƙwabciyata, 'yar Sudan, ta yi mini lalle. Bai gama bushewa ba na jiyo "bikya, bikya" a ƙasa. Na ruga na ɗauko kwalaben, babban yatsana ya dangwale takardar bayan ɗaya, jajir. Dalia ta yi ta faɗa wai na ɓata mata aiki.

Dattijon bai kalli fuskata ba. Murfin ya fara dubawa, ya shafa takardar, ya ce, "Tamam, ta yi. Madam, a riƙa haɗo mini da kwalin." Me zai yi da kwali? Abin ya tsaya mini a rai.

Asabar, 19 ga Oktoba

Badamasi abokin aikin Abban Hidaya ya zo, suka kulle falo wai lissafin ofis. Ina kicin ina jin komai. Abban Hidaya na bayanin yadda ake jiƙa sha'ir, a busar da shi da hayaƙi, a ajiye ruwan cikin ganga shekara goma sha biyu a Scotland. Wai shi da ya shinshina ya san ta Japan da ta Ireland. Mutumin da ko madara ta lalace a firji ba ya ganewa.

Na ji Badamasi ya ce ya samo wani mai kawowa har gida, a rufe da hatiminta.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Dalia ba ta buɗe ƙofa ba yau.

Talata, 29 ga Oktoba

Ƙanenta Abdurrahim ne a asibiti. Sun sha wata kwalba a wurin biki a Giza, washegari ya ce yana ganin hazo, yanzu ko hannunsa ba ya gani. Abokinsa ɗaya bai tashi ba. Ta ce, "Shafa'atu, kwalbar ta gaske ce wallahi, har da kwalinta. Abin ciki ne guba." Likita ya gaya musu tsofaffin kwalabe ake tarawa, a cika su da sinadarin da masu fenti ke aiki da shi, a sa kala, a mayar da murfi.

Na ce mata ma'alish, wato sannu, Allah ya ba shi lafiya. Na shigo gida na rufe ƙofa. Har da kwalinta. Ina jin tsoro.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na je ɗauko bargon Hidaya a saman kwaba, sai ga sabuwar kwalba a cikin kwali. Ban taɓa taɓa cikakkiya ba, iyakata da wadda ta ƙare. Yau na zaro. Murfi a liƙe, ruwan kamar zuma. Na juya bayanta.

Shaidar lallen yatsana ce a jikin takardar. An yi ƙoƙarin gogewa, ya koɗe ya koma ruwan goro, amma har na ɗora yatsan a kai don in tabbatar.

Na yi tunanin in zubar, in ce ban ga komai ba. To gobe ya aika a kawo wata fa? In kuma na yi magana, da wane ido zai kalle ni? Mutum ne da kunya za ta iya hana shi kwana a gida. Na mayar da ita inda take, na ce sai na shirya kalamaina. Wawiya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ban yi magana ba. Ya yi ta wasa da Hidaya, sai na kasa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Da safe ya ce in saki labule, hasken ya yi yawa. Gari kuwa a lumshe yake. Na hau kujera na ɗauko kwalbar. An karya hatimin, an sha kamar faɗin yatsu biyu.

Na dire ta a tsakiyar teburi, kusa da shayinsa. Na ce, "Abban Hidaya, wannan wiski ɗin ba daga Scotland take ba. Daga bayan injin wankinmu take. Tashi mu je asibiti."

Ya daɗe yana kallon teburin. Abin da ya iya cewa shi ne, "Tun yaushe?" Na ce tun Kaduna. Bai yi musu ba, ya sa takalmi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Mun dawo gida. Likita ya ce mun zo da wuri, amma idon hagu sai an jira a gani. Na kira matar Badamasi na gaya mata komai ba tare da kwana-kwana ba, ban san ina da bakin ba.

Ba ma yawan magana. Ɗazu mai bikya ya tsaya daidai tagarmu, ya daɗe yana kira. Na ɗauko sauran kwalaben, na shimfiɗa buhu a tsakiyar falo, na farfasa su da taɓarya, har da murafen. Abban Hidaya yana zaune, hannu ɗaya rufe da idon dama, yana gwada ko zai gan ni da na hagun.

Na tambaye shi me ya gani. Ya ce, "Ina dai jin ƙarar."