Makin Yaro Ɗaya a Katin Kowa

Anti, don Allah ki taimake ni, na gaji. Rubuta manhaja ce sana'ata. Yayata shugabar wata makarantar firamare ce, ita ta tsaya mini a gaban malamai har aka ba ni aikin manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, suka ajiye manyan littattafansu suna gunaguni. Na tsara ta yadda aka koya mana: makaranta, cikinta azuzuwa, cikin kowane aji ɗalibai, kowane ɗalibi da jerin makinsa. To, da na zuba wa yaro ɗaya maki sai ya fito a katin duk 'yan ajin. Wanda ko jarrabawar lissafi bai zauna ba ya tashi da tamanin. Kwamfutar kuwa ko tari ba ta yi, balle ta nuna mini kuskure. Kwana tara ke nan ina gogewa ina sakewa, na sauya kwamfuta, har malamin lissafi na zarga a zuciyata, Allah ya yafe mini. Jibi za a raba kati. Kullum Yaya ta tambaya sai in ce saura kaɗan. Ko dai ba ni da kan wannan aikin ne?

Wadda Ta Gaji

Ƙanwata, kanki lafiya lau, gajiya ce kawai. Ina kyautata zaton jeri ɗaya tak kika ƙirƙira, sannan kika liƙa wa kowane ɗalibi shi. Kwano ɗaya ne da hannu talatin, shi ya sa kwamfutar ba ta ga laifi ba, abin da kika ce mata shi ta yi. Gwada da ɗalibai biyu kacal: ki ba ɗaya maki, ki leƙa na ɗayan. In ya fito, koma inda kike ƙirƙirar ɗalibi, ki sa kowa ya samu sabon jerinsa. In kwafi kike yi, ki tabbata ya kai har cikin jerin makin, bai tsaya a kan ɗalibin kawai ba.

Wannan gyaran rabin awa ne. Na Yaya ya fi nauyi. Na san kunya ce ta rufe miki baki, kuma ban ga laifinki ba. Amma ita ce za ta tsaya gaban iyaye jibi, ba ke ba. Ki gaya mata gaskiya yau, malamai su kaɗe ƙurar littattafansu su ajiye kusa. Makin nan kuskure ne, amma "saura kaɗan" da saninki kike faɗa. Fara da gyara shi. Allah ya ba ki sa'a.