Wuyan rigar da na ƙirƙira, sunan wata ake kira

Salama alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Daga kafen intanet nake rubuto muku, don Allah ku ba ni shawara kafin baƙin ciki ya kashe ni.

Ni tela ce a wani shagon ɗinkin mata a nan Lafia. A shagonmu duk wadda ta ƙirƙiro sabon sitayil, sai ta yanka shi a takardar buhun siminti ta liƙa a bango, in Madam mai shagon ta amince, da sunanta za a riƙa kiran ɗinkin. Ni kuwa ga ni da jin kunya, ba na liƙawa sai na fara nuna wa Rahila, wadda kekenta ke kusa da nawa. Kwano ɗaya muke cin doya da ita, ko ranar Lahadi in ta fito coci gidanmu take biyowa.

Kafin babbar sallah na fito da wani wuyan riga mai ninki kamar ganyen rogo, na nuna mata, ta ce kai, wannan bai yi ba, dariya za a yi mini, in yar. Na jefa a kwandon ƙyallaye. Na je Doma duba mahaifiyata, ina dawowa sai ga takardata a bango, har da shatin almakashina! Wai "wuyan Rahila". Da na tare ta, cewa ta yi ai na yar, abin da aka yar kuma na kowa ne. Ko kunya babu.

Tun lokacin kaina ya toshe wallahi. In na ɗauki alli sai in ji hannuna ya mutu, in ta leƙo kekena sai in rufe aikina da zane kamar mai sata. Madam har ta fara cewa na zama ragguwa, in ban kawo sabon abu ba za ta mayar da ni kan ɗinka maɓalli. In faɗa mata gaskiya kuma ba ni da shaida, za a ce hassada ce.

Jiya ƙanwata da za ta yi aure ta kawo mini atamfarta da murna, ta ce Yaya, wuyan Rahila nake so, kin iya kuwa?

Na ce mata zan gwada. Jama'a in tona ne, ko in bar shagon, ko in zauna in ɗinka?